Gara da Fumfuna: Tarihin Sanin Ruɓewar Itace, Daga Dazuzzukan Turai Zuwa Ƙasar Kutama

A ƙasar Hausa, idan azara ta karye soro ya rufta, ko dirkar rumfa ta zube, ko kuwa iskar farkon damina ta kayar da tsohuwar ɗorawa a tsakiyar gona, ba a daɗewa wajen neman mai laifi. Gara ce. Haka abin yake a birnin Kano, haka kuma yake a Kutama da Getso da sauran garuruwan ƙasar Gwarzo, da maƙwabtansu na ƙasar Kabo irin su Garo da Godiya. Wannan zargi yana da tushe, domin gara ana ganinta da ido, tana barin ƙasa a inda ta ci, kuma sunanta ya daɗe a cikin littattafai. Wanda ya zauna gaban malaman tafsiri ya san labarin sandar Annabi Sulaimanu a Suratu Saba'i, wadda gara ta cinye har aljannu suka gane ya rasu. Wanda ya karanta Sira kuma ya san takardar ƙauracewa da Ƙuraishawa suka rataye a Ka'aba, da abin da gara ta yi mata. Amma akwai maci itace na biyu wanda bai sami irin wannan suna ba, alhali sau da yawa shi ne yake fara shiga, gara ta biyo sawunsa. Wannan kuwa shi ne fumfuna.

Kalmar fumfuna a bakin Bahaushe tana nufin abin nan fari ko kore ko baƙi da yake fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ko a kan takalmin fata da aka ajiye a ɗaki mai laima. A nan an faɗaɗa ta ta ƙunshi dangin gaba ɗaya: naman kaza da yake tsirowa bayan ruwa, da burtuntunar da take ɓata zangarniyar dawa, da makeron da yake cin kan yara, da yis ɗin masu burodi. Masana sun daɗe suna lissafa su cikin tsirrai, sai a 1969 wani Ba'amurke, Robert Whittaker, ya ware musu rukuni nasu na daban, saboda ba sa haɗa abincinsu daga hasken rana kamar yadda ganye yake yi, sai dai su ci abin da wani ya haɗa. Waɗanda suke cin itace, jikinsu na ainihi zare ne wanda ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, yana ratsa cikin itacen yana narkar da shi. Abin nan mai kama da kunne ko kofato ko faifai da akan gani manne a jikin kututture, wanda za a riƙa kira kunnen itace a cikin wannan bayani, 'ya'ya ne kawai, aikinsa ya zubar da iri mai laushi kamar ƙura. Kafin ya fito, ɓarna ta riga ta yi nisa a ciki.

Sanin cewa wannan zare shi ne yake ruɓar da itace bai fi kimanin shekara 150 ba. Kuma a dazuzzukan ƙasashen sanyi aka same shi, a kan itatuwan da babu ko ɗayansu a gonakin Kutama. Waɗannan abubuwa biyu suna da sakamako ga duk wanda aka ɗora wa kula da daji ko gini a ƙasar nan.

Jiragen Sarkin Ingila

Ba masu sha'awar daji ne suka fara damuwa da ruɓewar itace ba, sojojin ruwa ne. Ƙarfin Ingila a ƙarni na 17 da na 18 yana kan jiragen yaƙi na katako, waɗanda ake ƙerawa da wani ƙaƙƙarfan itace nasu mai suna ok. A 1684 Samuel Pepys, sakataren ma'aikatar jiragen ruwa, ya je duba wasu sababbin jirage da aka ɗaure a tashar Chatham, ya tarar suna neman nutsewa ba tare da sun taɓa ganin yaƙi ba. Ya rubuta daga baya cewa da hannunsa ya tsinko naman kaza a cikinsu, kowane girman dunƙulen hannu. An ƙera su da gaggawa da itacen da bai bushe ba, aka kuma rufe su ruf, iska ba ta shiga.

Bayan shekara 126 ba a koyi kome ba. A 1810 aka tura wani babban jirgi mai suna Queen Charlotte cikin ruwa. A lokacin yaƙin Napoleon ya toshe hanyar katakon arewacin Turai, don haka aka haɗa da wanda aka kawo daga Kanada. Kafin jirgin ya yi wani aikin kirki ya ruɓe, har kuɗin gyaransa zuwa 1816 ya zarce kuɗin ƙera shi. A 1812 aka kira James Sowerby, masanin tsirrai kuma mai zana su, ya shiga cikinsa ya lissafa ire-iren fumfunar da ya gani. Duk da haka mafi yawan mutane, har da masu ilmi, sun ɗauka cewa itace da kansa yake ruɓewa don tsufa ko laima, sa'an nan fumfuna ta haifu daga ruɓar, kamar yadda aka daɗe ana zaton tsutsa daga nama take haifuwa. Wani Ba'italiye, Pier Antonio Micheli, tun 1729 ya shuka ƙurar irin fumfuna ya ga ta tsiro, amma ba a ɗauki maganarsa ta kai kan katako ba.

Abin mamaki, magani ya riga sanin cuta. A 1832 John Kyan ya yi rajistar jiƙa katako a cikin ruwan gishirin zaiba. A 1838 John Bethell ya kawo dabarar cusa wa katako man kwal, ɗan'uwan kwalta, da ƙarfin inji. Wannan ta biyu ita ce ta riƙe katakon hanyar jirgin ƙasa da turakun waya na duniya shekaru fiye da ɗari, masu yin ta kuwa ba su san takamaiman abin da suke kashewa ba.

Uba da ɗa

Gardamar a Jamus aka yanke ta, kuma a cikin gida ɗaya. Theodor Hartig, malamin gandun daji, ya duba ruɓaɓɓen itace da madubin ƙara girma a 1833, ya ga zaren nan ƙuru-ƙuru, ya siffanta shi. Amma ya yanke cewa jikin itacen ne yake warwarewa ya rikiɗa ya zama zare. Ya ga ɓarawo a cikin ɗaki, ya ɗauka ɗan gida ne. Ɗansa Robert Hartig, wanda aka haifa a 1839, ya tashi a zamanin da Anton de Bary ya riga ya nuna cewa wata halitta mai kama da fumfuna ce take jawo cutar dankalin Turawa, cutar da ta haddasa yunwar Ailan ta shekarun 1840. A cikin littattafai biyu, na 1874 da na 1878, Robert ya bi zaren daga cikin itace har zuwa kunnen da yake waje, ya nuna abu ɗaya ne. Ya nuna iri yana shiga ta rauni, wato inda reshe ya karye ko gatari ya sara. Mafi muhimmanci ga wannan bayani, ya nuna cewa kowace irin fumfuna tana da irin cin da take yi, ta yadda mai ido zai dubi ruɓaɓɓen itace ya faɗi wadda ta ci shi ko da babu kunne a jiki. Sai ga ɗa ya rushe maganar ubansa, da madubi irin na uban.

Kafin Hartig, wani mutumin Suwidin, Elias Fries, ya riga ya jera fumfuna aji-aji a cikin babban littafinsa da ya fito tsakanin 1821 da 1832, bisa ga siffar ƙarƙashin kunnen: ko ramuka ne ƙanana kamar rariya, ko tsage-tsage kamar shafukan littafi, ko ƙayoyi, ko sumul. Fries ya ba da sunaye, Hartig ya ba da dalili. A kan waɗannan biyu aka gina sauran.

Yadda ake ganewa

Itace abu biyu ne a haɗe. Akwai farin zare irin na auduga, wanda ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na nauyinsa, akwai kuma wani jan danƙo mai tauri, lignin, kashi 20 zuwa 30, wanda yake riƙe zaren kamar yadda ƙasa take riƙe ciyawa a cikin tubali. Daga nan aka sami manyan ruɓa biyu. Wata fumfunar takan cinye farin zaren ta bar danƙon. Itacen sai ya yi ja-ja, ya tsattsage gida-gida kamar gawayi, in an murza shi ya zama gari: wannan ita ce jar ruɓa, kuma ta fi yawa a kan itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura. Wata kuma takan narkar da danƙon ma, itacen ya yi fari, ya yi taushi, ya riƙa yagewa zare-zare kamar dafaffen nama: ita ce farar ruɓa, ita ce kuma ta fi yawa a ƙasashen zafi. A 1954 J. G. Savory na ma'aikatar binciken katako ta Ingila ya ƙara ta uku, mai taushin sama-sama, wadda take kama itacen da yake jiƙe kullum. Cin gara bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba. Gara takan yi hanyoyi, ta bar ɓawo siriri a waje, ta cika gurbin da ƙasa. Duk wanda ya fasa karyayyar azara ya ga babu ƙasa a ciki, amma tana murmushewa a hannu, to ya nemi mai laifi a wani wuri.

Bayan ruɓar sai a dubi kunnen. Ana tambaya a kan wace bishiya ya fito, domin wasu ba sa cin kowane itace. A gindi yake ko a reshe? Mai taushi ne na damina ɗaya, ko mai tauri ne da yake ƙara sabon falle kowace shekara? Wane launi ne cikinsa idan an yanka? Idan an kifa shi a kan takarda ya kwana, wane launin ƙura ya zubar? Dangin Ganoderma, alal misali, bayansu yana sheƙi kamar an shafa masa man goge katako, ƙarƙashinsu fari ne mai yin duhu in an karta shi da farce, ƙurarsu kuwa ja-ja ce, har takan rufe ciyawar da take kusa. Dangin Phellinus masu tauri ne kamar kofato, bayansu a tsattsage, cikinsu ruwan ƙasa, kuma yakan koma baƙi ƙirin in an ɗiga masa ruwan sinadarin fotash. Pycnoporus sanguineus ja ne jawur, yana son gungumen da rana take duka. Daldinia dunƙule ne baƙi kamar curin gawayi, in an fasa shi a ga zobe cikin zobe. Schizophyllum commune kuwa ƙaramin faifai ne fari mai gashi, wanda yake bushewa da rani ya farfaɗo da ruwan farko, kuma kusan babu nahiyar da ba a samunsa. Dukkan waɗannan ana samun su a Nijeriya.

Matsalar ita ce sau da yawa kunne ba ya fitowa. Saboda haka aka koma rainon zaren a cikin kwalabe. A 1948 wata masaniya ta Kanada, Mildred Nobles, ta fitar da hanyar gane ire-ire fiye da ɗari daga yadda suke tsiro a faranti: saurinsu, da launinsu, da warinsu, da siffar zarensu. Ta sake faɗaɗa aikin a 1965. Daga shekarun 1990 aka shiga karanta ƙwayar gado, wato DNA, har a 2012 masana suka amince da wani yanki guda nata ya zama shaidar gane kowace fumfuna. Kowane mataki cikin waɗannan, tun daga Fries har zuwa Nobles, a kan itatuwan Turai da Amurka ta Arewa aka fara gina shi.

Ga misalin abin da haka take haifarwa. Littattafan gini na Ingila, waɗanda aka daɗe ana karantar da ɗaliban ƙasar nan da su, sukan ba da babi sukutum ga wata fumfuna mai suna Serpula lacrymans, wadda ita ce annobar gidajen Turai. Wannan halitta tana son sanyi kimanin digiri 20, kuma takan daina tsiro idan zafi ya haura 26 zuwa 28. Ke nan ɗalibi yakan haddace maƙiyin da ba zai iya kwana uku a Kano cikin watan Afrilu ba, ya bar waɗanda suke cin ƙyauren gidansu.

Abin da magina suka riga suka sani

Akwai doka ɗaya da ba ta bambanta tsakanin Jamus da Gwarzo: itacen da ruwan cikinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, fumfuna ba ta cinsa. A dajin Turai gungume yakan faɗi ya kwanta cikin laima shekaru gommai, fumfuna iri-iri suna bin juna a kansa. A ƙasar Kutama damina wata huɗu ce zuwa biyar, hunturu kuma yakan busar da kome ƙayau. Ban da haka, nan gonaki ne masu bishiyoyi a tsaitsaye, kowace da mai ita, reshen da ya faɗi da safe kafin yamma yana murhu. Don haka fumfuna ba ta da inda za ta zauna sai wuri uku: cikin bishiya mai rai, da daidai inda dirka ta haɗu da ƙasa, da cikin rufin da yake yoyo.

Magina da masassaƙa ba su taɓa ganin zaren ba, amma sun san wuraren nan uku, kuma sun san itatuwa. Sun san kirya tana daɗewa a ƙasa, shi ya sa ake sonta wajen dirka da turmi, kamar yadda maƙera suke son gawayinta. Sun san maɗaci da ƙawo da madobiya, sun san kuka da rimi ba na gini ba ne. Sun san jan tsakiyar itace ya fi farin bayansa ƙarko, abin da bincike ya tabbatar daga baya, domin a tsakiyar ne bishiya take tara sinadaran da suke dafi ga fumfuna da gara. Sun ɗora rumbu a kan duwatsu don ya rabu da laimar ƙasa. Fiye da kome, sun zaɓi giginya, musamman namiji, suka tsaga baƙin gefen jikinta mai tauri suka yi azara. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a faɗin da ya wuce kamar ƙafa shida, kuma daga wannan iyaka ne dabarun bakan gizo da ɗaurin guga suka fito, wato a riƙa ɗora azara a kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har a haɗe a tsakiya.

Amma azara ba ƙarfe ba ce. Abin da yake tsare ta shi ne rufin da yake samanta: yaɓen da ake sabuntawa kafin ruwa ya sauka, da makuba wadda ake yi da kwasfar ɗorawa, da indararon da yake jefa ruwa nesa da bango. Duk wannan wahala ta shekara-shekara, in an fassara ta da harshen Hartig, ba kome ba ce illa tsare itace ƙasa da kashi 20. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin shekarun 1830, ya nuna irin daɗewar da ƙasa da azara suke iya yi, domin ya kusa shekara 190 a tsaye. Ran 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Agusta shi ne watan da kowane magini yake tsoro, kuma a cikinsa ne aka yi ruwan 1988 wanda ya fasa madatsar Bagauda, ya rushe gidaje masu yawan gaske a Kano.

Turawan mulki da masana na gida

Da Turawa suka zo, hankalinsu yana kan amfanin gonar da ake fitarwa waje, da katakon kurmin Kudu. Masanin fumfuna na gwamnati, C. O. Farquharson, a Ibadan ya zauna, yana fama da cututtukan koko da auduga, har ya rasu a haɗarin jirgin ruwa a 1918. Samfuran da aka tara sai a aika lambun Kew a Landan, inda Elsie Wakefield ta fara buga jerin fumfunar Nijeriya a 1912. A Arewa, likita J. M. Dalziel ya yi aikin da har yau ake cin moriyarsa, ya haɗa sunayen tsirrai na Hausa da na Latin a cikin littafinsa na 1916. Dokokin gandun daji na 1916 da 1937 sun ba En'e ikon keɓe dazuzzuka da hana sare wasu bishiyoyi sai da izini. Malamin daji na wancan zamani an horar da shi ya kama mai gatari, ba a horar da shi ya dubi gindin bishiya ba, kuma ƙananan hukumomin da aka kafa a 1976, ciki har da ta Gwarzo, wannan gadon suka tarar.

Bayan samun mulkin kai ma, manyan ayyukan daga Kudu suka fito. M. H. Zoberi ya buga littafinsa a kan manyan fumfunar ƙasashen zafi a 1972, B. A. Oso kuma ya rubuta a kan sanin naman kaza a wurin Yarabawa a 1975, inda ya nuna suna da sunaye da labarai ga ire-ire da dama. Littafin Ryvarden da Johansen na 1980, wanda ya zama madogarar masu gane kunnen itace a Afirka, na gabashin nahiyar ne.

Gara ma manomiya ce

To, shin an zalunci gara ke nan? Ba ƙwarai ba. A shekarun 1970 wani masani, N. M. Collins, ya auna abin da take ci a dajin Mokwa, a Jihar Neja ta yau, ya buga sakamakon a 1981: gara takan kwashe kimanin kashi 60 cikin ɗari na itacen da yake faɗuwa ƙasa a shekara. A ƙasashen sanyi wannan aiki na fumfuna ne kusan duka. Amma ga inda maganar ta juya. Kusan dukkan wannan ci, dangin garar da take gina suri ne suka yi shi, su kuwa ba sa iya narkar da itace sosai da cikinsu. Sukan tauna shi su kai cikin suri, su gina wani abu mai kama da soso, su shuka wata fumfuna a kai. Ita take narkar da danƙon nan mai tauri, sa'an nan gara ta ci. Bafaranshe Roger Heim ne ya raɗa wa wannan fumfuna suna Termitomyces a 1942, kuma naman kazan da yake fitowa a jikin suri da damina 'ya'yanta ne. Bincike ya nuna wannan noma a Afirka ya faro, shekaru kimanin miliyan 30 da suka wuce. A nan ƙasar ke nan, fumfuna ba ta iya jure rani a fili, sai ta sami mai gina mata ɗaki mai laima, mai kawo mata abinci har gida. An kuma gano cewa wasu ire-iren gara sukan fi son itacen da fumfuna ta riga ta tausasa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Bishiya mai rai

Wurin da asarar ta fi taɓa manomi shi ne bishiyar da take tsaye. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya dukiya ce da ake gado, wani lokaci ma a raba ta daban da gonar. Ana sassabe gawo da marke don dabbobi su ci da rani, ana ɓantarar ɓawon maɗaci don magani, ana tara karmami a gindin bishiya a cinna wuta. Kowane ɗayan waɗannan ƙofa ce irin wadda Hartig ya siffanta. A 1977 Alex Shigo na ma'aikatar gandun daji ta Amurka, bayan ya tsaga dubban bishiyoyi da zarto, ya bayyana cewa bishiya ba ta warkar da rauni kamar jikin mutum, sai dai ta gina katanga ta killace shi. Idan aka yanke reshe a wajen kumburin da yake gindinsa, katangar takan riƙe. Idan aka sare shi har cikin jiki, ko aka bar dungu mai tara ruwa, an rushe ta. Ya kuma nuna shafa fenti ko kwalta a kan rauni ba ya hana ruɓa. Bishiyar da Ganoderma ta ci wa saiwa takan tsaya da ganyenta kore shar har ranar da iska za ta tumɓuke ta, kuma wannan ya shafi darbejiyar da aka jera a bakin tituna da makarantu da kasuwanni, inda mutane suke zama. Kunne mai sheƙi a gindin irin wannan bishiya sanarwa ce ga duk wanda ya iya karanta ta.

Ba kowane kogo ne ruɓa ba. Binciken Adrian Patrut a kan tsofaffin kukoki na Afirka ya nuna da yawa daga manyan kogunansu gurbi ne da ya rage a tsakiyar jikkuna da dama waɗanda suka tsiro a da'ira suka manne da juna. Haka kauci da yake kan reshen ɗorawa tsiro ne mai ganye da fure, ba ya cikin wannan dangi ko kaɗan.

Gini kuma ya sake. Kwano ya maye gurbin soro, katakon Kudu mai taushi ya maye gurbin azara, sau da yawa ana kafa shi bai bushe ba, a rufe shi da silin iska ba ta shiga, abin da Pepys ya gani a Chatham ke nan. Kafinta yakan shafa baƙin mai ko Solignum da buroshi, wanda ba ya wuce fatar katakon, alhali ruɓa daga inda ƙusa ta huda kwano ruwa yake ɗiga take farawa.

Saura maganar suna. Ganoderma lucidum an fara siffanta ta ne daga samfurin da aka tsinko kusa da Landan a 1781. Shekaru fiye da 200 duk wani kunne mai sheƙi da aka samu a Indiya ko Sin ko Nijeriya, wannan sunan ake liƙa masa, domin shi ne a cikin littafi. Da aka karanta DNA sai ta bayyana cewa ta ainihin ta ƙasashen sanyi ce, har wadda mutanen Sin suke nomawa don magani sai da aka ba ta suna na daban a 2012. Saboda haka sunan da aka ciro daga hoton littafin Turai aka ɗora wa kunnen da ya fito a gindin ɗorawa a Kutama zato ne kawai, sai an gwada. Gwajin kuwa yana bukatar samfuri mai kyau, kuma tara shi bai fi ƙarfin ɗalibi ko malamin daji ba. A yanko kunnen tare da ɗan guntun itacen da yake manne a kai, domin a ga irin ruɓar. A rubuta sunan bishiyar da Hausa kamar yadda mai gonar ya faɗa, da ko tana da rai, da wurin da kunnen yake a jikinta, da rana da wata. A busar da shi a inuwa mai iska, kada a gasa shi, domin zafi mai yawa yana lalata DNA. Sa'an nan a sa shi a ambulan na takarda, ba a leda ba, domin a cikin leda wata fumfunar ce za ta cinye shi kafin ya isa Kano.